Kati ya cika, wasa na cijewa: nazarin lamarin wani mai tara tsofaffin wasanni da ya matse fayilolinsa

Yadda abin ya faro

Mutumin da wannan nazari ya shafa ya shafe shekaru yana tara tsofaffin wasannin bidiyo, na kaset da na faifai, tun daga NES da Mega Drive har zuwa PlayStation 2 da GameCube. Da injinan suka fara gajiya, musamman idon da ke karanta faifai, sai ya kwafe wasanninsa zuwa fayiloli, ya koma buga su da emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura a cikin sabuwa.

Na'urori biyu yake amfani da su. Akwai ƙaramar ta hannu mai RAM gigabait 1, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke ɗora abin da take aiki da shi, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, mara ƙarfi sosai, wadda ke karanta wasanni daga katin memori mai gigabait 64. A kanta yake buga wasannin kaset, da na akedi, wato manyan injinan wasa na shagunan wasa, da na PlayStation ta farko, da na PSP, wato PlayStation ta hannu. Sai kwamfutar cinya mai ma'ajiyar gigabait 256, wadda yake aiki da ita da rana, da dare kuma ya buga wasannin PlayStation 2 da GameCube.

Girman fayilolin ya bambanta ƙwarai, kuma duk labarin a kan wannan bambanci ya rataya. Wasan NES na iya zama kilobait 40 kacal. Kaset mafi girma na Super Nintendo megabait 6 ne, na Game Boy Advance 32, na Nintendo 64 kuma 64. Amma daga 1994, lokacin da PlayStation ta fito da faifan CD, wasa ɗaya ya koma ɗaruruwan megabait, wani ma faifai uku ko huɗu ne. Faifan GameCube gigabait 1.46 ne, na PSP na kai wa 1.8, DVD na PlayStation 2 kuma 4.7.

A ƙarshen Disamba lissafinsa ya tsaya haka: faifan PlayStation 62 sun ci kimanin gigabait 34, wasannin PSP 15 sun ci 16, na kaset da na akedi gaba ɗaya ba su wuce 3 ba. Idan aka haɗa da manhajar na'urar da hotunan bangon wasanni, katin ya cika maƙil. A kwamfutar kuwa, wasannin PlayStation 2 guda 25 sun ci kimanin 80, na GameCube 20 sun ci 29, aikinsa na ofis ya fara rasa wuri.

Akwai matsala ta biyu da ya ɗan yi watsi da ita a lokacin. Wasu wasannin GameCube kan ɗan cije na ƙiftawar ido idan aka shiga sabon wuri ko aka ga wata sabuwar fashewa, wasannin PSP biyu kuma suna tafiya da nauyi. Ya san da haka tun kafin ya taɓa komai, amma bai rubuta ba, kuma daga baya ya manta.

Janairu: komai ya shiga 7z

Matakinsa na farko shi ne wanda kusan kowa zai ɗauka. Ya san cewa 7z, tsarin matse fayil na manhajar 7-Zip da Igor Pavlov ya fito da ita a 1999, ya fi zip matse fayil, don haka ya zaɓi matakin matsi mafi tsanani ya bar kwamfutar tana aiki dare biyu. Kowane faifai ya samu nasa 7z. Wasannin Super Nintendo kuwa, da yake ƙanana ne, ya zuba su duka a cikin fayil ɗaya. Da ya ga wurin da ya samu, ya goge na asali daga katin da kwamfutar.

Wurin ya samu kam. Wasannin PlayStation sun sauko daga gigabait 34 zuwa kusan 20. Na GameCube ne suka ba shi mamaki, domin wasu da ya san abin da ke cikinsu kaɗan ne sun ƙi raguwa yadda ya zata. Bai gane dalili ba sai a watan Afrilu.

Daren farko da ya zauna zai yi wasa, ya danna wani wasan PlayStation mai megabait kusan 600, allon ya yi baƙi ya tsaya. Ya ɗauka na'urar ce ta sandare, ya kashe ta ya kunna. A karo na biyu ya haƙura ya jira yana duban agogo: minti 1 da daƙiƙa 40 kafin tambarin PlayStation ya bayyana. A da daƙiƙa 3 ko 4 ne. Kuma ba sau ɗaya ake biyan wannan jira ba, duk lokacin da ya fita ya dawo sai an sake.

Abin da ke faruwa a ɓoye shi ne, emuleta ba ta iya leƙa tsakiyar 7z ta ɗauko abin da take so. An matse fayil ɗin ne a matsayin dogon zare ɗaya, kowane sashe ya dogara da abin da ya gabace shi. Saboda haka manhajar da ke buɗe wasannin, RetroArch a wajensa, sai ta warware faifan gaba ɗaya ta ajiye a foldar wucin gadi, sannan ta miƙa wa emuleta. Furosesa mara ƙarfi na warware megabait 600, katin memori na rubuta su, bayan an gama wasa a goge. Ma'ana katin na shan rubutun ɗaruruwan megabait duk lokacin da aka buɗe wasa, kuma dole a bar masa fili daidai girman faifan, wato wani kaso na wurin da aka ce an samu ba a same shi ba.

Sauran na'urorin sun fi haka muni. Manyan wasannin PSP sun ƙi buɗewa sam, domin babu inda za a zuba gigabait 1.5 na wucin gadi a na'ura mai RAM gigabait 1 da katin da ya sake fara cika. A kwamfuta, Dolphin, emuletar GameCube, da PCSX2, ta PlayStation 2, ba su ma nuna wasannin a jerinsu ba, tunda ba sa karanta 7z. Ya koma warwarewa da hannu kafin kowane wasa, ya goge bayan ya gama.

Fayil ɗin Super Nintendo shi ma ya zo da nasa. Idan aka zuba fayiloli da yawa a 7z, manhajar kan dunƙule su wuri ɗaya don matsin ya fi kyau. Wanda ke son wasan da ke can ƙarshen dunƙulen sai an warware duk na gabansa kafin a iso gare shi. Wasan megabait 2 ya koma ɗaukar daƙiƙoƙi masu yawa, wani a farkon jerin kuma nan take yake buɗewa, abin da ya ƙara rikita shi.

Sai asara ta biyo baya. A tsakiyar watan ya gano fayiloli biyu sun lalace, kuma ya tuna ya taɓa zare katin ana cikin kwafi. Garin neman gira ya kusa rasa ido, tunda na asali ya riga ya goge su. Ɗaya ya sake kwafa daga faifansa. Ɗayan faifan ya karce, sai da ya gwada sau da yawa kafin ya karantu.

A cikin waɗannan makonni ne ya sake lura da cijewar wasannin GameCube da nauyin na PSP. Wannan karon ya samu wanda zai ɗora wa laifi. Ya yanke cewa matsi na rage saurin wasa, ya kuma faɗa wa duk wanda ya tambaye shi.

Farkon Fabrairu: ya warware komai

Ya juya gaba ɗaya. Ya sayi faifan ajiya na waje mai terabait 1, ya warware duk wani matsattsen fayil ya zuba a ciki, ya mayar da katin da kwamfutar yadda suke a da, ya rage wasanni don a samu fili. A katin, faifan PlayStation 40 kawai ya bari cikin 62.

Lodi ya dawo daidai, daƙiƙa 3 zuwa 4. Amma an gudu ba a tsira ba.

Wasannin akedi duka suka mutu. Waɗannan tun asali a zip suke, bai taɓa su a Janairu ba, amma da ya ɗauki aniyar warware komai ya haɗa da su. Wasan akedi ba fayil ɗaya ba ne, tarin ƙananan fayiloli ne da aka kwafo daga kowane guntun lantarki da ke kan allon injin, kuma emuletar da yake amfani da ita, FinalBurn Neo, tana neman su ne a cikin zip mai wani taƙaitaccen suna da ta sani. Da zip ɗin ya watse, ba ta ga komai ba. Ya kwana biyu yana sake haɗa su.

Foldar PlayStation ta zama kasuwa. Faifai ɗaya kan zo da fayil ɗin cue, wanda ke bayyana tsarin faifan, da fayilolin bin, ɗaya ga kowane tirak, wato kowane sashe na faifan. Wasan da kiɗansa ke kan faifai irin na CD ɗin sauti na iya zuwa da bin 20 ko 30. Ya sake wa wasu suna don jerin ya yi kyan gani, suka daina aiki, saboda cue yana kiran kowane bin da ainihin sunansa.

Ya kuma yi karo da iyakar FAT32, tsarin ajiyar fayilolin da filashinsa ke kai, lokacin da ya so kai wasu wasannin PlayStation 2 kan filashi: wannan tsari ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4. Wannan bai ɗauki lokaci ba, ya sauya tsarin filashin zuwa exFAT.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, bayan duk wannan wahala, wasannin GameCube suna nan suna cijewa kamar yadda suka saba, wasannin PSP biyu ma suna nan da nauyinsu. Babu matsi ko na ƙwayar zarra a jikinsu. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ƙarshen Fabrairu: ya tsaya ya auna

Daga nan ya daina aiki da zato. Ya zaɓi wasanni 8 daga rukunoni daban-daban, ya ajiye kowanne a wuri guda a cikin wasan don ya riƙa farawa daga nan. Ya kunna ma'aunin firam da ke cikin emuleta, wanda ke nuna hotuna nawa ake zanawa a daƙiƙa, 60 ga wasannin Amurka da Japan, 50 ga yawancin na Turai. Abu biyu yake rubutawa daban: tsawon jira kafin wasa ya buɗe, da yadda wasa ke gudana bayan ya buɗe. A Janairu ya cakuɗa su ya kira su duka sauri.

Gwajin farko ya yaudare shi. Duk tsarin da ya gwada na biyu sai ya fi na farko sauri. Dalili shi ne na'ura kan riƙe abin da ta karanta kwanan nan a RAM, don haka buɗewa ta biyu ba daga katin take zuwa ba. Ya koma kashe na'urar tsakanin kowane gwaji, yana maimaita kowanne sau 3.

Wasannin kaset suka fara ba da amsa. Wasan Super Nintendo a zip nasa shi kaɗai da wanda ba a matse ba, agogonsa bai iya raba su ba. Na Nintendo 64 mafi girma ya ƙara daƙiƙa 1 zuwa 2 wajen buɗewa. Firam kuwa daidai suke ƙwaya da ƙwaya. Haka ya kamata ya zama, domin kaset gaba ɗayansa ake ɗora wa RAM tun farko. Da zarar an warware shi sau ɗaya, emuleta ba ta sake komawa kan fayil ɗin, ba ta ma san a matse ya zo ba.

Ya gano wani ƙaramin abu da ya ba shi dariya da takaici. Katinsa na raba wuri ne gida-gida, kowane gida kilobait 128, kuma fayil komai ƙanƙantarsa sai ya cinye gida guda. Wasan NES mai kilobait 40, ko an matse shi ya koma 30, gida ɗaya dai zai ci. Ga irin waɗannan ƙananan, zip bai ƙara masa ko taƙi ba.

Cijewar GameCube ta bayyana a matsayin aikin katin zane, wato ɓangaren kwamfutar da ke zana hoton wasa. Duk lokacin da wasa ya nemi wani sabon salon haske ko inuwa, Dolphin sai ta fassara umarnin zanen zuwa abin da kwamfutar zamani ke ganewa, wasan ya ɗan tsaya yana jira. Shi ya sa cijewar ke zuwa a karon farko da aka ga abu, ba ta dawowa a karo na biyu. Masu Dolphin sun fito da maganin wannan tun 2017, zaɓi ne a cikin saitin zane. Ya kunna shi, cijewar ta ragu har ya daina lura da ita. Wasannin PSP biyun kuma sun fi ƙarfin ƙaramar na'urar ne a girman hoton da ya saita. Ya mayar da su asalin girman allon PSP, 480 da 272, suka miƙe.

Maris: CHD

Saura matsalar da ta haifi komai, wato wuri. Faifai 22 na zaune a faifan waje, ba ya iya buga su a hannu.

Nan ya juya ga CHD, tsarin da ya fito daga aikin MAME, emuletar injinan akedi, inda aka ƙirƙire shi don adana faifan injinan akedi masu girma. Bambancinsa da 7z ba a ƙarfin matsi yake ba, a yadda ake tsara kayan yake. Kafin a matse, ana yanka faifan ƙulli-ƙulli, a matse kowane ƙulli shi kaɗai, a ajiye taswirar da ke nuna inda kowanne yake. Ga faifan CD, ƙulli ɗaya sakta 8 ne, wato ƙananan yankunan da aka raba faifai, bai kai kilobait 20 ba. Idan wasa ya nemi wani abu a tsakiyar faifai, emuleta ta duba taswira, ta ɗauko ƙullin nan kaɗai, ta kwance, ta miƙa. Ba a warware sauran, ba a rubuta komai a katin.

Akwai wata dabara kuma. Manhajar da ke yin aikin, chdman, tana gwada hanyoyin matsi fiye da ɗaya a kan kowane ƙulli ta ɗauki wadda ta fi rage shi. Bayanan wasa kan faɗa hannun hanyar matsi ta LZMA, wadda ita ce dai ke cikin 7z, ko zlib. Kiɗan CD kuma ya faɗa hannun FLAC, wadda don sauti aka yi ta kuma ba ta zubar da komai. Kiɗan CD na cin bait 176,400 a kowace daƙiƙa, don haka wasannin da ke cike da tirak-tirak na kiɗa su suka fi amfana.

Kafin ya fara ya yi wani lissafi da ya kwantar masa da hankali. Injin karanta faifai na PlayStation kimanin kilobait 300 yake kawowa a daƙiƙa, kuma an rubuta wasannin ne su rayu da wannan. Katin memori na yau na kawo megabait gommai a daƙiƙa. Furosesar na'urarsa, duk da rauninta, ta warware megabait 600 cikin daƙiƙa 100 a Janairu, har da lokacin rubutawa, wato megabait 6 a daƙiƙa, ninki 20 na abin da wasan ke buƙata. Abin da ya zama azaba lokacin da aka ce a warware duka a tashi ɗaya ya zama ba komai ba idan ana warwarewa kaɗan-kaɗan.

Awo ya tabbatar. Buɗewa daƙiƙa 3 zuwa 4, daidai da bin da cue. Firam ba su motsa ba, bidiyon cikin wasa bai tsinke ba, kiɗa bai yi gargada ba. Faifai 62 sun koma kimanin gigabait 21, kusa da abin da 7z ya ba shi, kuma kowane faifai ya zama fayil ɗaya tak.

Ba a rasa tuntuɓe ba. Ajiyar ci gabansa ta wani dogon wasa ta ɓace masa na kwana ɗaya, domin RetroArch na sa wa fayil ɗin ajiya sunan fayil ɗin wasa, shi kuma ya gajarta sunan lokacin juyawa. Da ya daidaita sunayen ta dawo. Wasanni masu faifai da yawa sun buƙaci ƙaramin fayil na m3u, jerin sunayen faifan ne kawai layi-layi, don a iya sauya faifai ba tare da an fita ba. Sai wani wasan bugun Turai da ya riƙa maƙalewa a wuri ɗaya. Wasu wasannin PlayStation na Turai na ɗauke da kariyar LibCrypt, kuma kwafinsu na tafiya da ɗan ƙaramin fayil na sbi da dole ya zauna kusa da wasan da suna iri ɗaya. Ya bar shi a tsohuwar folda. Da ya kawo shi, wasan ya wuce.

Wannan karon bai goge komai ba sai da ya tantance. Ya sa chdman ta binciki kowane fayil, sannan ya ɗauki guda 5 ya mayar da su bin ya gwada lambar tantancewarsu ta SHA-1 da ta na asali. Na tirak ɗaya sun yi daidai. Na tirak da yawa sun saɓa da farko, abin da ya tayar masa da hankali, har ya gane cewa manhajar ta haɗe duk tirak ɗin a bin guda ne. Da aka raba su yadda suke, lambobin suka dace.

PSP ce ta nuna cewa tsari mai kyau ma ana iya amfani da shi ba daidai ba. Ya juya wasannin da umarnin da ya yi wa PlayStation, wato createcd. Amma faifan PSP ba CD ba ne, saktarsa bait 2,048 ce, alhali umarnin CD na zuba kowace sakta a mazubin bait 2,448, ya ɗaure 8 wuri ɗaya. Duk ɗan abin da wasa ya nema sai an kwance ƙulli mai girma fiye da buƙata. PPSSPP, emuletar PSP, ita da kanta ta gargaɗe shi cewa createdvd ya kamata a yi amfani da shi. Ya sake aikin da ƙananan ƙulli, wasanni 13 suka tafi lafiya.

Biyu suka rage, duka irin masu faɗin gari da ake tuƙi a ciki, waɗanda ba sa daina karanta faifai ana cikin gudu. A kan waɗannan ya auna ƙaramin bambanci na gaske: a matse, gine-gine kan makara wajen bayyana idan ya yi gudu sosai, firam su ɗan sauka. Furosesar ta riga ta kai maƙura wajen kwaikwayon wasan, ba ta da rarar kwance ƙulli. Ya gwada CSO, tsohon tsarin matsin PSP, abin ya ɗan yi sauƙi amma bai tafi ba. Ya bar su biyun a ISO, wato kwafin faifai da ba a matse ba, yadda suke.

Afrilu: kwamfutar cinya

Wasannin PlayStation 2 ba su ba da wahala ba. Ya juya su CHD, PCSX2 ta karanta su kai tsaye, gigabait 80 suka koma kimanin 52. Injin DVD na PlayStation 2 bai wuce megabait 5 da ɗoriya a daƙiƙa ba, abin da furosesar kwamfuta ke kwancewa ba tare da ta ji a jikinta ba.

GameCube ce ta warware masa tsohuwar tambaya. Kowane faifanta girmansa ɗaya ne, gigabait 1.46, ko da wasan da ke ciki megabait 300 ne. Ragowar wurin an cike shi da ciko, lambobin da suke kama da an watsa su barkatai. Zip da 7z na rage fayil ne ta hanyar neman maimaici, cikon nan kuwa babu maimaicin da za su kama, shi ya sa suka gaza a Janairu. Sai dai cikon ba barkatai yake da gaske ba, wani lissafi ne ke haifar da shi daga ƙaramin iri. Tsarin RVZ, wanda masu Dolphin suka fito da shi a 2020, ya san wannan lissafi. Sai ya ajiye irin kawai, ya sake haifar da cikon idan an nema. Sauran bayanan yakan matse su ƙulli-ƙulli da Zstandard, hanyar da Yann Collet ya ƙirƙira a Facebook, wadda aka santa da saurin kwancewa.

Daga cikin Dolphin ɗin ya yi juyin, da saitin da ta zo da shi. Gigabait 29 suka koma kimanin 16. Ya bi ta shafin tantancewa da ke cikin manhajar, kowane faifai ya dace da lambobin da ke rumbun Redump, inda masu adana wasanni ke tattara lambobin tantance ingantattun kwafi. Buɗewa da firam ba su bambanta da na ISO ba.

Inda aka tsaya, da abin da na gani

A ƙarshen Afrilu katin gigabait 64 na ɗauke da duk wasanninsa na hannu, da rarar kusan gigabait 15. Kwamfutar ta samu fili fiye da gigabait 40. Wasannin kaset kowanne a zip nasa, na akedi a zip ɗinsu ba a taɓa ba, faifan PlayStation da PlayStation 2 da yawancin na PSP a CHD, na GameCube a RVZ, biyu na PSP a ISO.

A ganina kuskurensa na Janairu da na Fabrairu iri ɗaya ne, duk da sun yi hannun riga. A duka biyun ya ɗauki matsi a matsayin abu guda, da za a karɓa duka ko a ƙi duka. Amma 7z da CHD, ko da LZMA ɗaya ke aiki a cikinsu, ba aiki ɗaya aka yi su don shi ba. Na farko na ajiya ne da aikawa, na biyu na karantawa ne ana cikin gudu. Tambayoyin da suka raba masa gardama biyu ne: shin wasan gaba ɗayansa yake shiga RAM ko kaɗan-kaɗan ake ɗebo shi daga faifai, kuma shin emuleta na iya shiga tsakiyar fayil ɗin ba tare da ta warware abin da ya gabata ba?

Na kuma ɗora masa laifi a kan abu ɗaya fiye da saura, wato rashin rubuta halin da wasannin ke ciki kafin ya taɓa su. Da ya rubuta a Disamba cewa GameCube na cijewa, da bai shafe makonni yana zargin matsi ba, da kuma bai watsa wasannin akedinsa ba. Goge na asali kafin tantancewa ya fi haɗari, amma wannan ya ji a jikinsa nan take ya gyara. Zargin da ba a auna ba shi ne ya daɗe tare da shi, har ya yaɗa shi ga wasu.

Ba zan ce matsi kyauta ne ba, domin wasannin PSP biyun nan shaida ne. Kwance ƙulli aiki ne, kuma wani ne ke yin sa. Inda furosesa ke da rara, ba a ganin kuɗin. Inda ta riga ta cika, kuma wasan ba ya barin faifai ya huta, ana gani. Cikin faifai 122 da ya juya ko ya gwada juyawa, biyu ne suka faɗa wannan rukuni, kuma ya gane su ne da ma'aunin firam, ba da hasashe ba.

7z bai bar gidan ba. Kwafin asali na dukkan faifan, da cue da bin da sbi ɗinsu, suna faifan waje a matse da shi, kowane wasa a nasa fayil, tare da takardar lambobin SHA-1 a gefe. Ba ya buɗe su sai idan zai sake juya wani wasa, kuma a irin wannan ranar jiran minti 2 ba ya damunsa.